Cikin da Ba a Tsaga Ba

Na yi shekara talatin da biyar ina aikin malanta. Na fara da ajin farko a Wagini, na ajiye aiki ina shugaban makaranta a Batsari, kuma a duk tsawon wannan zamani ban taɓa tsayawa gaban ɗalibai ba tare da na tsara abin da zan faɗa ba. Don haka zan kawo wannan labari bisa tsarin da ya auku, ba tare da na rage wurin da laifin ya zama nawa ba.

A shekarun da ɓarayin daji suka hana mu noma, wata rana da hantsi muna dawowa daga ta'aziyya a Zakka, ni da Lawwali bisa babur ɗinsa. Lawwali ɗan gwaggona ne, wato taubashina, mahauci ne a kasuwar Batsari, ƙaƙƙarfan mutum wanda na girme shi da shekara goma sha ɗaya. Muka iske an tare hanya. A gaban idonmu suka harbe direban wata ƙaramar bas, ya faɗa kan sitiyari, ƙahon motar ya yi ta kuka ba mai ɗaga shi. Aka ce kowa ya kwanta rubda ciki. Ni kuwa na tsaya tattara babbar rigata, domin ban saba kwanciya cikin turɓaya a gaban mutane ba. Ɗaya daga cikinsu ya zo ya zuba mini gindin bindiga a ciki har sau uku, da na faɗi ya taka ni da takalmi. Suka kora mutanen da suka zaɓa cikin daji, suka tafi da babur. Lawwali ne ya goya ni har inda muka sami mota.

A asibiti a Katsina aka ɗauki hoton cikina ana neman abin da ya fashe. Ba a sami komai a fashe ba, amma aka sami abin da ba shi ake nema ba. Likitan ya ce babbar jijiyar da ke sauko da jini daga zuciya ta bi ta cikin ciki ta kumbura, ta kai girman lemon zaƙi, kuma kumburin ya bi rassanta biyu da suke gangarawa zuwa ƙafafu. Ya ce ba duka ne ya kawo shi ba, hawan jini ne da tabar da na sha a ƙuruciya. Ya kama hannuna ya ɗora saman cibiyata, na ji wani abu yana bugawa kamar an ba ni zuciya ta biyu. Ya ce ranar da ta fashe, da wuya in kai ƙofar asibiti. Ya ƙara da cewa ƙirjina ba zai ɗauki babbar tiyata ba, in nemi inda suke da dabarar da ta dace da tsofaffi.

Ba zan tsaya kan biza da sallama ba. Abin da ya wajaba a sani shi ne 'ya'yana ba su sami izinin shiga ba, Lawwali kuwa yana da fasfonsa tun na aikin Hajji, don haka shi ya raka ni Indiya.

A filin jirgin Delhi wani ɗan ƙasarmu mai suna Nasiru ya tarbe mu, dillalin asibiti ne wanda aka haɗa mu da shi ta waya. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, yana Baba kaza, Baba kaza, ya karɓi fasfunanmu ya ce zai adana. Ya kai mu wani ɗaki a hawa na huɗu, tagarsa tana kallon bangon maƙwabta, ba iska sai ƙamshin kayan yaji da hayaƙin motoci. Abincin shinkafa ce da wake-wake iri-iri, nama kuwa sai an yi doguwar tafiya. Lawwali ya kan tsaya a bakin titi yana kallon shanun da ke yawo tsakanin motoci ba makiyayi.

"Hedimasta, dubi wanga bajimi," in ji shi. "Ba mai shi, ba mai tambaya. Allah ya ba mutane arziki ya hana su wuƙa."

Na ce masa, "Ka riƙe hannunka, bawana. A nan saniya ta fi mahauci daraja."

"Ai ko a Batsari ta fi malamin makaranta."

Haka muke tun muna yara, kuma wannan ne kaɗai abin gida da ya rage mana a can. Na yi kewar inuwar darbejiyar ƙofar gidana, na yi kewar doguwar gaisuwa. A can mutum zai wuce ka bai tambayi lafiyar iyalinka ba, bai ma san kana da su ba.

Nasiru bai kai mu babban asibitin da aka ambata mana ba. Ya kai mu wani ƙarami a cikin lungu, ya ce a nan ake share fage. Muka yi mako uku ana ƙara mini ruwa, kullum aiki sai gobe, ni kuwa kowace safiya ina ɗora hannu a kan abin da ke bugawa, ina jin nauyinsa har gadon bayana. Daga ƙarshe suka yi mini allura na yi barci, na farka da faffaɗar filasta daga ƙirji har mara. Nasiru ya ce an gama, a gode wa Allah.

Na gode wa Allah kuwa, har na yi hawaye. Lawwali kuwa sai kallon filastar yake. Da muka koma masauki ya tambaye ni ko wurin yana zafi, na ce ko kaɗan. Sai ya sa hannu ya ɗaye filastar gaba ɗaya. Fatata tana nan yadda mahaifiyata ta haife ni, an dai shafa mata jan magani. Abin kuma yana bugawa.

Lawwali ya ce, "Na feɗe shanu sun fi gashin kanka yawa, Hedimasta. Wagga jijiya a jikin ƙashin baya take kwance. Ba a kai gare ta sai an tsaga ciki, an ɗage tumbi, an kau da hanji. Wanda duk ya ce ya taɓa ta bai yi haka ba, ƙarya yake."

Washegari muka koma lungun. Nasiru ya fito tare da wasu ƙarti uku. Na fara magana cikin Turanci mai tsari, irin wanda nake rubuta wa ma'aikatar ilimi, ban kai aya ba Lawwali ya shaƙe wuyan rigar Nasiru ya buga kansa da ƙyauren ƙarfe. Ƙartin suka rufe shi da duka, ɗaya da sarƙar keke, har leɓensa ya tsage. Wani ya hankaɗe ni na faɗi zaune a kan dakali, na rungume cikina da hannu biyu ina kalmar shahada, ina jiran in ji ta fashe. Ba ta fashe ba. Da jama'a suka fara taruwa, Nasiru ya jefo fasfunanmu cikin kwata, suka ja ƙofa. Lawwali ya tsamo su da hannunsa, ya goge da rigarsa.

A matakalar masaukinmu muka haɗu da Raju. Ya iske ni zaune a hawa na biyu na kasa ƙarasawa. Siririn mutum ne mai kimanin shekara hamsin, ma'aikacin jinya, yana zaune a ɗakin da ke can ƙasan benen. Ba Musulmi ba ne, bai taɓa cin nama ba a rayuwarsa, abin da Lawwali ya ɗauka wata irin cuta ce. Ya wanke wa Lawwali leɓe, ya kawo mana shayi mai citta, ya karanta takardun da na zo da su daga Katsina. Da ya kai ga hoton sai ya daina murmushi. Ya ce kada in ƙara hawa wannan matakala. Ya bar mana ɗakinsa ya koma namu, da safe kuma ya sa mu a keke mai inji ya kai mu babban asibitin da yake aiki.

Likitar jijiyoyin jini mace ce, mai furfura, mai kaifin magana. Bayan sabon hoto da gwajin ƙoda, ta zaunar da mu ta ɗauki takarda tana zane. Ta ce ba za ta tsaga cikina ba. Akwai wani bututu na yadi mai ragar ƙarfe, mai siffar wando, gangar jiki ɗaya da ƙafa biyu. Za a naɗe shi cikin siririn kube, a huda jijiyoyin matsematsina na dama da hagu, a tura shi sama bisa waya ana kallo ta na'urar hoto, har ya kai inda kumburin yake. A nan za a sake shi ya buɗe, gangar ta zauna cikin babbar jijiya, ƙafafun su shiga rassan biyu. Jini zai riƙa bi ta cikin bututun, bangon da ya yi laushi ya huta. Ta ce za a aske wurin, kuma bayan aiki dole in kwanta a miƙe, ban da lanƙwasa ƙafa, ban da tashi, sai ta ba da izini, domin hudar jijiya ce, ba ta fata kaɗai ba.

Na fahimci kowace kalma. Lawwali ya zungure ni.

"Mi ta ce?"

Na ce, "Ta ce jibi za a yi aiki."

"Ta yi magana tsawon huɗubar Juma'a, duk jibi ce?"

"Sauran ilimi ne, ba na mahauta ba."

A nan laifina yake. Na yi tunanin mace za ta aske ni a wurin da ko matata ba ta kallo da rana, wata macen kuma ta yanka. Na yi tunanin wannan labari a bakin taubashina, a rumfar mahauta ranar kasuwa, ana tuntsira dariya, ni da manyan gari suke miƙewa in na shigo. Taubashi yana da izinin faɗin abin da ya ga dama, ba mai hana shi, har ranar da za a binne ɗayanku. Saboda haka na rufe bakina, na bar mutumin da aka fasa wa leɓe domina yana zaton za a tsaga ni daga ƙirji zuwa mara.

Aka yi aikin da safe. Sun kashe mini jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, suka ba ni abin da ya sa ni gyangyaɗi. Ina tuna sanyin ɗakin, da nauyin rigunan da suka sa don kare kansu daga hasken na'ura, da wata siririyar inuwa tana hawa a allon hoto, wadda aka ce mini waya ce a cikin jikina. Bayan azahar aka mai da ni ɗaki, likitar ta ce komai ya zauna daidai, ta maimaita gargaɗinta.

Ina tsakanin barci da farke aka shigo da Lawwali. Ya yi mini sannu cikin murya ƙasa-ƙasa. Sa'an nan na ji ya janye bargo zuwa cibiyata, ya buɗe rigar asibitin. Bai gangara ƙasa ba, domin duk wasanmu yana da iyakar da ba ya ƙetarewa. Ya shafa cikina da tafin hannunsa. Ba ɗinki, ba ko filasta.

Na ce, "An yi, Lawwali." Harshena ya yi nauyi.

"Haka ka ce waccan rana."

"Saurara mini."

"Kai malami ne, kowa ya yi maka Turanci sai ka yarda. Kwanta."

Ya mai da bargon a hankali ya fita, ya bar ƙofa a buɗe. Daidai lokacin Raju yana tahowa a barandar da butar shayi, yana murmushi, yana ɗaga masa babban yatsa. Daga inda nake kwance na ga komai. Lawwali ya kai masa naushi a muƙamuƙi, na ji ƙarar ƙashi kamar an karya busasshen kara. Butar ta fashe a ƙasa. Ya ɗago shi da wuya ya haɗa kansa da bango, ya sake haɗawa, yana cewa, "Kai ma? Kai ma da ka ba mu ɗakinka?" Mata suka watse da kururuwa. Masu gadi huɗu suka sheƙo da gorori, suka hau shi ta ko'ina, a kai, a baya, a gwiwa. Na ga goshinsa ya buɗe, jini ya rufe masa ido, bai saki Raju ba. Ɗaya ya sa gora ta maƙogwaronsa daga baya yana ja.

Na kira sunansa, muryata ba ta kai ƙofa ba. Na san abin da likita ta ce, na kuma san abin da zai iya biyo baya. Amma za su kashe shi, ko shi ya kashe bawan Allahn da ya taimake mu, a kan 'yar maganar da na ƙi faɗa. Na fizge robar hannuna, na sauko da ƙafafuna waɗanda ba su gama dawowa ba, na dafa bango na fita.

Taku na biyar na ji wani abu ya saki a matsematsina na dama, ɗumi ya gangaro mini har tafin ƙafa. Na tsaya a tsakiyar baranda, a gaban maza da mata, baƙi da ma'aikata, na kama rigar na ɗage ta har ƙirji.

"Lawwali! Dubi nan. Ta nan aka bi."

Filastar hagu tana nan fara. Ta dama ta ɗaye, jini yana tsartuwa daga ƙarƙashinta, yana tsayawa, yana sake tsartuwa, daidai da bugun zuciyata. Masu gadin suka sassauta don mamaki. Ƙasa ta juya, na faɗi cikin jinina.

Ban san yadda ya kuɓuce musu ba. Na dai ji nauyinsa a kaina, ya dunƙule hannu ya danna wurin da dukan ƙarfinsa. Jinin ya ragu amma bai tsaya ba. Sai ga Raju ya rarrafo, bakinsa a karkace, haƙoransa ja wur. Bai iya magana ba. Ya kama hannun da ya karya masa muƙamuƙi, ya matsar da shi sama kaɗan, inda jijiyar ta hau kan ƙashi, ya ɗora nasa hannuwan biyu a kai. Jinin ya tsaya. Haka aka ɗaga mu a gadon turawa, Lawwali durƙushe a kaina bai saki ba, jinin goshinsa yana ɗiga a fuskata, yana cewa, "Kada ka mutu, ɗan kawu. Wallahi kada ka mutu a hannuna." Tun da muke bai taɓa kirana da wannan suna ba.

Aka sake shiga da ni, aka ɗinke jijiyar, aka ƙara mini jini. Da na farfaɗo likitar ta tsaya a kaina ta yi mini faɗan da rabona da irinsa tun ina ɗalibi a hannun Turawa. Ta tambaye ni ko na bayyana wa ɗan'uwana yadda aikin yake. Na ce ban yi ba. Ta ce me ya hana. Na juya fuskata bango.

'Yan sanda sun zo, sun tafi da Lawwali, ya kwana biyu a wurinsu. Raju ne, da wayoyin ƙarfe a haƙoransa da aka ɗaure masa muƙamuƙi da su, ya rubuta musu cewa ba zai shigar da ƙara ba, ya kuma roƙi hukumar asibitin. Aka sako Lawwali da ɗinki a goshi da yatsu biyu a karye, kuma har yau idonsa na hagu ba ya gani sosai.

Kafin a sallame ni aka sake ɗaukar hoto don a tabbatar jini ba ya zurarewa ta gefen bututun. Likitar ta sa aka kira Lawwali, ta juya masa allon. Ga wandon ƙarfe nan zaune a jikin ƙashin bayana, ƙafa ɗaya dama, ɗaya hagu. Ya daɗe yana kallo, ya bi shi da yatsa daga ƙasa zuwa sama.

"Ba su taɓa tumbi ba," in ji shi.

Na ce, "Ba su taɓa ba."

"Kuma ka sani tun ranar."

"Na sani."

Ya janye yatsansa daga allon.

Muka koma ɗakin Raju, domin ya hana mu hawa sama. Da la'asar ya shigo, ya rame, yana shan kunu ta tsinken roba. Lawwali ya zube a gabansa ya kama ƙafarsa, yana ba shi haƙuri da Hausa, Raju yana ɗaga shi. Sa'an nan Raju ya miƙo mini takarda, tun da bakinsa ba ya buɗuwa, ya nuna Lawwali, ya nuna kunnensa.

Na sa tabarau na karanta a zuci. Na ɗaga kai na ga su biyu suna jirana, ɗaya da wayoyi a baki, ɗaya da ɗinki a goshi. Na fassara, kalma bayan kalma. Kada in tsuguna. Kada in ɗauki kaya. In sha maganin hawan jini kullum, in yi hoto duk lokacin da aka rubuta mini, har iyakar rayuwata. Wurin ɗinkin kuma ba zan iya ganinsa da kaina ba, kuma idan ya kumbura ko ya fara bugawa, jini ne ke taruwa, a garzaya asibiti. Saboda haka dole wani ya buɗe matsematsina ya duba, ya taɓa, safe da yamma, har ya warke. Layin ƙarshe ya ce ɗan'uwanka yana da hannu mai kyau, shi zai yi.

Lawwali ya ce, "Duk ka faɗa? Ba ka rage na malamai ba?"

"Ban rage ko wasali ba."

"Safe da yamma ya ce?"

"Safe da yamma."

Ya tashi ya wanke hannunsa da sabulu har gwiwar hannu, ya rufe ƙofa, ya juyo.

"To, yamma ta yi. Kwanta, Hedimasta."

Na cire hulata na ajiye a kan kujera, na kwanta.